Saura Mutum Ɗaya

Saminaka,
ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kin isa Samaru lafiya, kin kuma tarar da ɗakin nan na Bomo yadda mai gidan ya faɗa a waya. Babanki yana gaishe ki, yayyenki Bulus da Yohanna ma haka. Allah ya kiyaye ki a hanya da a ɗaki, ya haɗa ki da abokan zama na kirki, ya sa ki gama abin da ya kai ki cikin kwanciyar rai.

Da gangan na cusa wannan takarda a cikin buhun garinki, don na san sai kin zauna kin natsu za ki kai hannu wurin. Da na ce da baki zan faɗa miki, da ido ɗaya yana kaina ɗaya yana kan waya, kina ta "To Mama, to Mama," ba tare da ko kalma ɗaya ta shiga ba. Ba wa'azin samari zan yi miki ba, babanki ya yi wannan har muryarsa ta dushe. Maganar mota zan yi miki. Kun daɗe kuna yi mini dariya ke da yayyenki, wai Mama sai ta zagaya mota kamar mai shirin saye kafin ta shiga. Na bar ku kuna dariyarku saboda kuna gabana ina ganinku. Yanzu kuwa za ki riƙa bin hanyar Samaru zuwa Sabon Gari ke kaɗai, hanyar da na bi shekara da shekaru kafin mu taso nan, saboda haka dole ki ji dalili.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru, muna haya a Hayin Dogo, ke ba a haife ki ba. Kuskurena na farko gajen haƙuri ne, kuma kin gaje shi tsaf, don haka ki buɗe kunne. Ranar Asabar ce da damina, rana tsaka, ina so in shiga kasuwar Sabon Gari in sayo wa yayyenki yadin makaranta in dawo kafin ruwa ya sauko. Na je tasha na tarar motar da ke kan layi kusan babu kowa a ciki, direban ya tafi cin abinci, ɗan kamasho yana kiran fasinja kamar wanda aka yi wa dole. Na zauna, na tashi, na sake zama. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Sai na yi tsaki na ɗauki jakata na fita, na taka gaba zuwa bakin titi inda idon 'yan tasha ba ya kaiwa, wai ni mai dabara. Har ɗan kamashon ya bi ni da magana, ya ce, "Malama, ki yi haƙuri mana, yanzun nan zai cika." Ko waiwayowa ban yi ba.

Rifkatu, ki zauna a tasha. Na san akwai rana, akwai hayaƙi, akwai masu surutun banza, kuma na san za ki ce lacca za ta wuce ki. Ta wuce ɗin. Ba don ado hukumar gari ta ce a yi wa motar haya fenti iri ɗaya ba, ba kuma don ado ake rubuta mata lamba manya-manya a jikin ƙofa ba. Ban sani ba ko launin da ake yi yanzu shi ne na zamaninmu, gwamnati takan canja abu in ta ga dama, amma ranar farko ki tambayi 'yan tasha ki riƙe. Ki dubi lambar gaba da ta baya. Ta motar haya jan rubutu gare ta, ta motar gida shuɗi. Ki dubi gilashin gaba ki ga takardar ƙungiyar direbobi a manne. Duk wannan ba ya cin lokacin da kike ɓatawa wajen gyara ɗankwali.

Kada ki ɗauka ina cewa masu fenti waliyyai ne. Na shiga wadda aka ɗaure ƙofarta da igiya, na shiga wadda sai fasinja sun tura take tashi, za su kuma cusa ku huɗu a baya ko da ɗayanku ya kai mutum biyu. Masu kula da dokar ma na san halinsu, wani lokaci hannu suke dubawa ba takarda ba. Amma mota mai fenti tana da gida. A tasha an san sunan direbanta, an san unguwarsu, an san wanda ya tsaya masa kafin a sa shi a layi. Haka kuma ban ce duk mai kabu-kabu mugu ne ba. Kawunki Iliya ma ya yi, in ya taso daga ofis yakan ɗebi mutane da motarsa ta gida don ya sami na mai, kuma kin san shi, ko kaza ba ya iya yankawa. Matsalar ita ce daga bakin titi ba ki da yadda za ki bambanta kawunki da wanda ba kawunki ba.

Ban daɗe da tsayuwa ba wata farar mota ta taho a hankali, tsaf da ita, ko ƙara ba ta yi. Direban ya ɗan leƙo ya ce, "Sabon Gari. Saura mutum ɗaya." Bai ɗaga murya ba, kamar ni kaɗai yake so in ji. Na ga babu fenti, na ga babu lamba a ƙofa. Ba zan ce miki ban gani ba, har na ja da baya na girgiza kai.

Sai gilashin baya ya sauka. Wata dattijuwa ce mai jiki, fuskarta a sake, sanye da atamfar zumuntar matan coci, ta ɗaura ɗankwali irin na masu dawowa daga taro. Ta yi mini murmushi ta ce, "'Yata, shigo mana kafin ruwan nan ya taɓa ki. Mu ma kasuwa muka nufa."

Atamfar nan ce ta kashe mini ido. Irin tata tana cikin akwatina a gida, mahaifiyata ma da irinta aka san ta. Da na gan ta sai na daina ganin motar, na ga uwa kawai. Ban tuna cewa a kasuwa ake sayar da atamfa ba, kuma mai shago ba ya tambayar mutum ko yana zuwa sujada kafin ya yanka masa. Ki riƙe wannan. Wanda yake so ki shiga motarsa ya riga ya san abin da yake kwantar miki da hankali, da shi kuma zai zo. In mace mai goyo ce, zai nemo. In tsoho mai carbi ne, zai nemo. Ke motar za ki duba, ba na cikinta ba.

Dattijuwar ta buɗe ƙofa ta fito da kanta, ta riƙe mini ƙofar. Ta ce, "Shiga ciki, ni a Kwangila zan sauka, kada in tashe ki." Magana ce mai ma'ana, kuma babba ce ta tsaya a kaina tana jira. Da wane baki zan ce mata a'a, ni bakin ƙofa nake so? Na rusuna na ce na gode, na shiga tsakiya, ta shigo ta rufe.

A ɗaya gefen nawa wata yarinya ce, da gani ɗaliba, ba za ta wuce shekarunki na yanzu ba. Ta jingina kai da gilashi, idonta a rufe, da ledar lemo a kan cinyarta. A gaba kusa da direba akwai wani mutum da hula. Har yau ƙeyarsa kawai na sani, bai juyo ba ko sau ɗaya. Na ce, "Sannunku." Dattijuwar ce kaɗai ta amsa.

Kin san yadda motar haya take. Wani yana tsaki don an taka shi, wata tana faɗa da direba a kan canji, rediyo yana ta yi, wani yana ba da labarin siyasa ba wanda ya tambaye shi. Motar nan shiru take. An ɗaga gilasai duka ga zafin da yake zuwa kafin ruwa, ga wani ƙamshin turare mai zaƙi-zaƙi da yake tsayawa a maƙogwaro. Ba wanda ya ce mini ga kuɗin mota. Da muka zo Zango mutane suna tsaye suna ɗaga hannu, direban ya wuce su kamar bai gani ba. A nan na fara zargin akwai wani abu. A lissafin direban haya, mu uku a baya da mutum ɗaya a gaba mota ba ta cika ba, kuma ban taɓa ganin direban da ya ga fasinja yana da wuri ya wuce ba. Shi wannan ya ce saura mutum ɗaya, ya sami ɗayan, ya gama.

A Palladan muka faɗa wani rami. Hannun yarinyar ya zame daga kan ledar, lemon ya zube ƙasa ya watse a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ba ta motsa ba. Ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya sunkuya. Ni na sunkuya zan tsince, sai na ji hannun dattijuwar a wuyan hannuna.

Ta ce, "Bar shi, 'yata. Ta gaji ne. 'Yan makarantar nan ba sa samun barci."

Ba ta matse ni ba, amma ba ta sake ni ba. Tafin hannunta sanyi ƙalau a cikin wannan zafin. Daga nan ta fara rera wata waƙar sujada ta hanci, waƙar da na sani tun ina ƙarama, tana bin ta daidai amma a hankali fiye da yadda ake yin ta. Duk kwanar da muka sha sai lemo ɗaya ya gangaro ya taɓa mini ƙafa ya koma. Na saci kallon yarinyar. Bakinta a ɗan buɗe, yawu ya gangaro mata har haɓa, ƙuda ya sauka a gefen idonta bai sa ta ƙifta ba.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ci mini rai. Kafin Kwangila muka tarar da cunkoso, manyan motoci sun tare hanya, muka tsaya cak. Masu tallar burodi da ruwan leda suna ta ƙwanƙwasa gilashi. Ga wani jami'in hanya a tsaye, in na miƙa hannu zan iya taɓa rigarsa. Ihu ɗaya ya ishe ni. Kin san abin da ya hana ni? Ba tsoro ba ne, tsoron bai gama kama ni ba tukuna. Kunya ce. Na ce a raina, in fa yarinyar barcin gaske take yi? In fa na tara wa uwar mutane jama'a a banza, a ce malamar makaranta ta zautu a Kwangila, ta kira mai atamfar zumunta ɓarauniya? Na zauna ina auna mutuncina har hanya ta buɗe.

Ni na koya miki rusunawa. Ni na koya miki cewa ba a katse babba, ba a ce masa a'a kai tsaye, ba a ɗaga murya a cikin mutane, har na sha murɗe miki kunne a kan haka. Ban yi da-na-sani ba, mutane suna yabon tarbiyyarki ina jin daɗi. Amma yau ina gaya miki, wannan tarbiyyar iyakarta bakin titi. In kina cikin mota zuciyarki ta ce miki a'a, ki yi rashin kunya. Ki buga gilashi, ki kira mai burodi, ki ce a buɗe miki yanzun nan. In ya zama kin yi kuskure, za a yi miki dariya, a zage ki, a zagi uwar da ta haife ki. Na yafe, a zage ni. Ki ba da haƙuri ki nemi wata motar.

Muka iso Kwangila, dattijuwar ba ta ce za ta sauka ba. Maimakon direban ya miƙe zuwa Sabon Gari, sai ya karkata ya hau hanyar Kano. Na tattaro muryata na ce, "Direba, akwai." Kin san kalmar, ita kowa yake faɗa in ya iso inda zai sauka, ko yaro ne ya faɗe ta direba yakan taka burki. Bai rage gudu ba. Na sake cewa, "Akwai sauka."

Ya ɗago ido ya dube ni ta madubi, ya ce, "Mun san akwai, Malama."

Ruwa ya sauko a lokacin. Muka wuce Dogarawa, can wajen Zabi ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar ƙasa tsakanin gonaki. Masara ta yi tsawo har ta fi motar, ganye yana shafar gilashi ta kowane gefe. Na so in yi addu'a, amma waƙar da matar take rerawa ta cika mini kai, na kasa haɗa ko kalma biyu. Jikina ya yi sanyi, hannuwana suka yi nauyi. Ko turaren ne, ko tsoro ne, ban sani ba. Sai amai ya taso mini babu shiri, na yi shi a kan zanena da gefen atamfarta.

Ba ta yi tsaki ba, ba ta ja jiki ba. Ta daina waƙar kawai. Ta kama haɓata ta juyo da fuskata, ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta dubi wuyana, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan marata ta bar shi wurin. Ta daɗe a haka, kanta a karkace kamar mai sauraron wani abu.

Ta ce, "Tsaya."

Direban ya ce, "Mama, ba mu kai ba."

Ta ce, "Na ce ka tsaya. Mutum ɗaya aka ce. Wannan juna biyu gare ta."

Rifkatu, a ranar nan ko babanki bai sani ba. Ni kaina zato kawai nake yi, ban gaya wa kowa ba, ban je asibiti ba. Wannan matar ce ta fara faɗin zuwanki da baki.

Motar ta tsaya. Ta fita cikin ruwan ta riƙe mini ƙofa kamar yadda ta yi a Samaru. Da na fito, ta sa bakin zanenta ta goge mini baki, ta miƙo mini jakata ba abin da aka taɓa a ciki. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya sauke ki lafiya, 'yata."

Na ce, "Amin, Mama." Haka bakina ya faɗa, ban aike shi ba.

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Motar ta ci gaba cikin masarar, ba ta juya ba. Abu na ƙarshe da na gani shi ne kan yarinyar nan yana bugun gilashi a duk ramin da suka faɗa. Lambar motar tana gabana a lokacin, ruwa yana wanke ta, amma ko harafi ɗaya ban riƙe ba.

Na bi sawun taya na koma baya har na fito titi. Wata mata mai sayar da gasasshiyar masara ta zaunar da ni a rumfarta, ta tsayar mini da bas mai fenti, ta ce wa kwandasta ya kula da ni. Washegari bayan sujada babanki ya kai ni wurin 'yan sanda. Suka tambaye ni lamba, na ce ban riƙe ba. Suka tambaye ni irin motar, na ce fara ce. Suka rubuta abin da za su rubuta suka ce za su bincika. Daga nan muka je tasha wurin shugaban direbobi, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, da motan namu ne, kafin magariba zan kawo miki direban har da wanda ya tsaya masa. Amma farin mota, garin nan cike yake da shi. Ina zan fara?" Bai yi mini faɗa ba. Ɗan kamashon nan yana tsaye a gefe, ya gane ni, ya sunkuyar da kai.

Babanki ya yi ta tambaya a cikin jami'a da unguwannin ɗalibai ko an rasa wata yarinya. Ba mu sami labarin da ya dace da ita ba. Wasu suka ce ai tasu ce, da ita ake haɗa baki, barcin ƙarya take yi don mace ta ga mace ta shiga. Wasu suka ce daga nesa ta zo, iyayenta suna can suna zaton tana karatu. Ban sani ba har yau. Sau da yawa na durƙusa na roƙi Allah ya sa ɓarauniya ce, ya sa tana can da ranta tana cutar mutane. Ki ji irin addu'ar da motar nan ta koya mini.

Ku yanzu kuna da abin da ba mu da shi. Wayar nan da ba kya ajiyewa, ki sa ta yi aiki. Kafin ki shiga mota ko keke ki ɗauki hoton lambar, ki tura wa Bulus, ki bar direban ya ga kina yi. Na gaskiya ba zai damu ba, in ya ɓata rai kin sami amsarki. Keken haya ma yana da lambarsa a jiki, ɗan acaba na ƙungiya yana da riga mai lamba, ki duba. Ki cire abin jin waƙar nan daga kunnenki in kina hanya. Ki zauna bakin ƙofa, ki gwada hannun ƙofar da kanki ki ji yana buɗewa kafin a tashi. In ƙawayenki suka ce ku yi shatar wata motar gida don ta fi arha ko ta fi sanyi, ki ce uwarki matsoraciya ce ta hana ki. Ki ɗora mini laifin, ina iya ɗauka.

Da a nan labarin ya ƙare, wataƙila da na bar ki da dokokin nan kawai ban tayar miki da hankali ba. Amma akwai saura, kuma wannan ko yayyenki ba su sani ba.

Bayan na haife ki, kin yi 'yan watanni kin fara riƙe wuya, na goya ki na shiga kasuwar Sabon Gari. Da safe ne, kasuwa ta cika, ina tsaye a layin masu kayan miya ina cinikin tattasai. Na rufa miki kai da ɗan tawul saboda rana. Sai na ji an ɗaga tawul ɗin ta bayana, a hankali, yadda mata suke yi in suna son ganin jariri. Ban damu ba, na ci gaba da ciniki. Sai na ji murya dab da kunnena.

"Ashe an sauka lafiya."

Na juyo. Ita ce. Wannan karon babu atamfar zumunta, doguwar hijabi ce a jikinta har ƙasa, da kwandon cefane a hannu kamar kowace uwar gida. Fuskar nan a sake, murmushin nan bai canja ba. Yatsanta yana cikin tafin hannunki, kin damƙe shi kina yi mata dariya.

Ga mutane ko'ina. Ga mahauta da wuƙaƙensu a layi na gaba, ga 'yan dako, ga mai tattasai da ya san ni shekaru. Na sha yi wa kaina alkawari cewa duk ranar da na sake ganin matar nan sai kasuwa ta taru a kanta. Amma babba ta gaishe ni, kuma tun kafin in yi wayo aka koya wa jikina abin da ake yi in babba ya yi gaisuwa. Gwiwata ta rusuna da kanta. Na ce, "Lafiya lau, Mama."

Ta ce, "Mace ce ko? Kai, tubarkalla. Allah ya raya mana. Me aka sa mata?"

Na faɗa mata sunanki.

Ta maimaita shi sau biyu a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Ta zare yatsanta daga hannunki, ta mayar miki da tawul ɗin ta gyara shi da kyau, ta ce, "Sai ta girma." Ta shige cikin mutane. Sai da hijabinta ya ɓace mini sannan muryata ta dawo, kuma ko a lokacin ba ihu na yi ba, kuka na fashe da shi a gaban mai tattasai, yana ta tambayata ko kuɗina aka sace. A shekarar nan na matsa wa babanki ya nemi canjin wurin aiki. Ya ɗauka zaman Samaru ne ya ishe ni, sai daga baya na gaya masa.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce matar nan ta tsufa tukuf yanzu ko ta mutu, kuma masu sunanki a Zariya ba su ƙirguwa. Gaskiyarki, ni ma haka nake gaya wa kaina. Shi ya sa da takardar shigarki jami'a ta fito na yi guɗa tare da kowa, ban ce kada ki je ba, ba zan tare miki karatu saboda tsorona ba. Amma irin wannan aikin ba mutum ɗaya yake yin sa ba, kuma ba ya mutuwa da mai shi.

Saboda haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonki abu irin wannan ba. Wata rana za ki tsaya a bakin titi kin gaji, rana ta dake ki ko hadari ya taso, mota mai tsabta za ta rage gudu a gabanki. In wani ya leƙo daga ciki ya kira ki Rifkatu, da murya mai daɗi, ya ce ya san mamanki tun kina goye, kada ki tsaya tunanin ko ƙarya yake yi. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. Kada ki rusuna, kada ki amsa, kada ki ko dubi fuskarsa. Ki juya ki koma tasha, ki zauna cikin hayaƙi da surutu har mai fenti ta cika.

Ubangiji ya tsare mini ke a Samaru da Sabon Gari da duk inda ƙafarki za ta taka. Ya rufe idon mugu daga kanki, ya ba ki baki a ranar da kike bukatarsa. Ya kai ki, ya dawo mini da ke. Ki gaida abokiyar ɗakinki, ki kuma karanta mata wannan in za ta saurara.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu.